Kusurwar Inna Dija

Safina ta iso bangon lakol, wato makarantar boko, da hantsi, ta tarar da Inna Dija tsugune tana shafe zanen wani gida da gawayi.

Safina ce malamar da ta tara mutanen ƙauyen nan na kusa da Cadakori su zana a jikin bangon taswirar wata ƙasa da babu ita a duniya, kowa ya sa abin da ransa ke so. Manoma suka zana tafkin da ba ya ƙafewa. Dija, tsohuwa mai tallar nono da ta zo garin bara, ta roƙi kusurwa guda. Ta zana rijiya da gidaje goma sha bakwai, ta faɗi sunan mai kowanne. Daga baya ta shiga baƙanta su ɗaya bayan ɗaya, har aka fara raɗe-raɗin sihiri.

"Inna, don Allah ki bari," in ji Safina. "Wasa ne fa. Garin da babu shi muke zanawa."

"Ai babu shi, ɗiyata. Tun bara babu shi. Garinmu ne."

Safina ta sake duban taswirar. Sai ta lura da wani sabon layi da ya fito daga baƙaƙen gidajen, ya gangaro har gindin bango.

"Wannan fa?"

"Hanyar 'yan bindigar da suka ƙone mu ce. Yau na ƙara ta. Jiya na ga ɗayansu a kasuwarku, yana ƙirga shanu da ido."