Farar Roba a Firij

Sau uku Tessa tana sauya wa kofunan nan wuri. Tukunyar shayin cakulan na tururi, ga kirfa, ga alawa, amma hankalinta ya ƙi kwanciya. Yau ne surukarta Marlys za ta fara cin wani abu a gidanta.

Baƙi suna kakkaɓe ƙanƙara a bakin ƙofa Tessa ta tuna ba ta fito da kirim ɗin madara da ake ɗorawa a kan shayin ba. Ta fizgo farar robarsa daga firij, ta dire a tebur.

Kowa ya ɗora cokali guda a kofinsa, ya kurɓa. Baƙi suka kalli juna.

"Kai, wannan kam daban ne," in ji maƙwabcinsu. A garinsu Duluth na Amurka ba a kushe abincin mutum, don haka duk suka shanye.

Marlys ta miƙo kofi. "Ƙaro min, 'yata. Ki cika kirim ɗin."

Daɗi ya kama Tessa. Sai da aka watse ta lashi cokalin. Dakakken dankalin turawa ne da tafarnuwa, ragowar jiya da ta juye a tsohuwar robar kirim.

Ta juyo. Marlys na tsaye tana saka safar hannu.

"Mama, kin sani, kika ƙara?"

"Ranar da tawa surukar ta fara zuwa, kitsen talotalo na ba ta, na ɗauka kirim ne. Kofi uku ta sha. Biyu kawai na iya, ki yi haƙuri."