Wanda Ya Gwada Bawul ɗin

Da hannun hagu tsohon ya daki teburin manajan matatar mai, har kofin shayi ya yi tsalle.

"Suna nake so! Sunan wanda ya gwada bawul ɗin nan!"

Kwana uku ke nan da faruwar abin. Da hantsi iskar gas ta taru a wata tukunyar tace mai har ta fi ƙarfinta. Bawul ɗin da aka sa don ya buɗe ya rage matsin ya ƙi motsi. Bututu ya tsage. Wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya tsallake katanga ya bi unguwa, ya shiga ɗakuna, ya shiga ajin ƙananan yara. Jikarsa na cikin ajin.

Shekararta huɗu. Amarya yake ce mata, ita kuma kullum sai ta murguɗa baki ta ce ba ta auren mai furfura. Yanzu ga ta kwance a asibiti da robar iska a hanci, ƙirjinta na ƙugi, likita ya ce sai dai a jira. A jira me?

Sanarwar kamfanin ce ta ƙarasa tunzura shi. Wai ɗan hayaƙi ne ya fita, babu illa. Ɗan hayaƙi! Su je su yaudari wani. Shi ya san bawul ba ya maƙalewa a banza. Akwai wani malalaci marar tsoron Allah da ya ɗaura alamar gwaji alhali bai gwada komai ba.

Ya ɗauki hula ya fito yana huci. Da ya isa matatar, maigadi ya miƙe ya buɗe masa ƙofa, ko takarda bai tambaya ba. Injiniyoyin da ya tarar a baranda suka gaishe shi, suka sunkuyar da kai. Ai dole ku ji kunya, ya ce a ransa.

"Baba, don Allah ka koma wajen yarinyar," in ji manajan a hankali. "Laifinmu ne. Mu muka yi ta ɗage gwajin da ya kamata ya biyo baya. A bar shi a haka."

"Rufa masa asiri za ku yi? Ɗan wane ne shi? Wallahi ko ƙaninka ne, sai na ja shi har gaban gadon yarinyar nan ya kalle ta da idonsa!"

"Baba..."

"Kada ka ƙara ce min Baba! Fito da alamar!"

Manajan ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ja aljihun tebur, ya ciro wani ɗan faifan ƙarfe da ya yi baƙi, ya ajiye, ya kau da kai.

Tsohon ya sa tabarau. Wayar da aka ɗaure faifan da ita an murɗa ta hagu, sau uku, murɗin bahago. Ya goge baƙin da babban yatsa, kwanan watan ya fito.

Ranar ce, shekara huɗu da suka wuce, saura mako guda ya yi ritaya daga wannan matatar, aka kira shi aka ce 'yarsa ta sauka lafiya, ya ɗaura alamar da sauri, ya bar bawul ɗin bai gwada ba, ya ruga asibiti ganin amaryarsa.