Kafinta a Ƙarƙashin Aska

Sai da mai askin ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya kwantar da kujerar baya, sannan Kafinta ya lura da talabijin ɗin da ke maƙale a saman madubi. Fuskarsa ce ta cika gilashin. Ya yunƙura zai tashi, bayansa ya sara masa kamar yadda ya saba tun wata biyar, ya koma ya kwanta.

Unguwa uku ya tsallake kafin ya zaɓi wannan shagon. Gemun da kowa ya san shi da shi kuwa tun da safe ya datse shi da almakashi, ya bar shi kaca-kaca, dole sai gwani ya gyara.

Shirin da ake maimaitawa, Wa Zai Kai Labari, mutum goma sha biyu ake jefawa tsibiri na kwana arba'in, ba abinci ba wurin kwana, ana fitar da su ɗaya bayan ɗaya. An daɗe da gama ɗauka, yanzu ne ake nunawa mako-mako. A makon jiya aka nuna tseren fadama. Wata ma'aikaciyar jinya da 'yan kallo ke kira Nas ta faɗa rami, ƙafarta ta karye. Ta kira Kafinta. Ya waiwaya, ya dube ta, ya ci gaba da gudu. Sai talla. Da aka dawo, ga ta a jirgin ruwa an ɗaure mata ƙafa.

Tun daga ranar gari ya yi masa zafi. Masu ba shi aiki suka janye aikinsu. Aka rubuta masa zagi da gawayi a ƙofar shago. Matarsa ta kwashi yara ta tafi gidansu, wai sai ƙura ta lafa. Shi kuwa ya sa hannu a takarda mai shafi goma sha takwas da ta hana shi cewa uffan kan abin da ya faru a tsibirin.

Wani tela da ke jiran layi a benci ya nuna talabijin da baki.

“Ni fa ko kujera wannan ya ƙera mini, gara in zauna a ƙasa.”

Mai askin dattijo ne mai furfura, ba ya gaggawa. Ya shafa wa Kafinta kumfa har ƙarƙashin haɓa, ya ɓare sabuwar reza ya sa a askarsa.

“Ban taɓa fashin shirin nan ba,” in ji shi. “Kowane kashi sau uku nake kallo. Daga fadamar nan zuwa bakin ruwa tafiya ce mai nisa, amma su talla ɗaya suka yi mana.”

“Talla ko ba talla ba, mugu mugu ne,” in ji tela.

Mai askin ya ce, “Na daɗe ina roƙon Allah ya haɗa ni da mutumin nan. Akwai maganar da nake so in gaya masa, ido da ido.”

Askar ta sauka a kumatun Kafinta, da sanyinta. Hannayensa na ƙarƙashin ƙyalle, sun riƙe kujera gam. Ya ƙiyasta tazarar da ke tsakaninsa da ƙofa. Taku huɗu ne, amma telan na zaune a kan hanya, ga kumfa a rabin fuska.

A talabijin aka sake nuna waiwayen, a hankali, da kiɗa mai ban tausayi. Tela ya kalli hoton, ya kalli madubi. Ya sake kallon hoton. Ya ɗan miƙe zaune.

“Malam, kamar na san ka a wani wuri.”

“Kowa ka sani, kai dai,” in ji mai askin, bai ko juya ba. “Wannan gemun zai ɗauke ni lokaci. Je ka ƙarasa ɗinkin mutane, ka dawo da yamma.”

Tela ya fita yana waige. Dattijon ya bi bayansa ya sa sakata, ya ja labule, ya kashe talabijin. Shagon ya yi tsit, sai ƙugin fanka. Ya dawo ya ɗaga haɓar Kafinta da yatsa biyu, ya ɗora askar daidai maƙogwaronsa.

“Mai aski ba fuska yake ganewa ba, ɗana. Kai yake ganewa. Tun da ka cire hula na san ko wane ne kai.”

“Baba, akwai takardar da na sa wa hannu, ba ni da ikon...”

“Kar ka motsa. Rezar sabuwa ce.”

Kafinta ya rufe ido. Yana jin askar tana hawa tana sauka, yana jin numfashin tsohon a goshinsa. Ya tuna yaransa. Ya so ya haɗiye yawu, ya fasa. Gumi ya gangaro ya shiga kunnensa, bai iya sharewa ba.

Can sai ya ji tawul mai ɗumi a fuskarsa. Aka ɗago kujerar, aka kwance ƙyallen. Ya buɗe ido. Ko ƙwarzane babu a wuyansa. A madubi ya ga dattijon tsaye a bayansa, ya dafa kafaɗunsa biyu, idanunsa sun kaɗa.

“Ita ma Nas ta sa hannu a irin takardar,” in ji shi. “Amma 'ya ba ta ɓoye wa ubanta. Ta gaya mini wanda ya bar tseren ya dawo, ya goya ta awa uku cikin laka har bakin ruwa.”