Tela da Kibod Mai Ƙara

Ka ce kana so duk wanda ya gifta ya san abin da ka mallaka. To gyara zama in ba ka misalin wani tela, sai ka auna da kanka.

Telan nan, bayan ɗinki, ba abin da yake so kamar wasan kwamfuta. In ya rufe shago bayan la'asar, sai ya nufi wani gidan gem a bakin kasuwa, inda yake karawa da abokinsa, wani bakanike mai gyaran babur. Wasan nasu na sojoji biyu ne masu farautar juna a cikin kangon gari. Mai gidan ya jera musu tebura baya da baya, ya rataya labule a tsakani don kada wani ya leƙa abin da wani yake yi. A wannan wasa kuwa tela ba shi da na biyu a unguwar. Ba saurin hannu ya fi kowa ba, haƙuri ne da shi irin na mai zura zare a allura. Sai ya lallaɓa ya laɓe a bayan katanga, ya yi lamo, har bakanike ya gaji ya fito fili, sannan ya gama da shi. Kibod ɗin da yake dannawa, wato allon haruffan kwamfuta, na gidan ne, tsoho, haruffansa duk sun goge. In ka danna shi kamar ka danna tuwo, ba ya cewa uffan.

Ana nan sai aka sa gasa a cikin gari, aka ce kowace unguwa mutum ɗaya za ta tura. Kowa ya san tela ne zai je. Shi ma ya sani, kuma ya ƙwallafa rai a kan tafiyar nan, don tun da yake ba a taɓa kiran sunansa a gaban taro ba. Sai ya ga ai gwani kamarsa ya wuce kibod ɗin haya. Ya tafi wajen masu kayan kwamfuta ya nemi irin na 'yan wasa, wanda kowane maɓalli yake da nasa ɗan ƙarfe a ƙarƙashi, da ka taɓa ya amsa. Mai kaya ya fito masa da iri biyu, ya ce aikinsu ɗaya ne, sai dai wannan shiru yake, wancan kuma yana ƙara. Tela ya taɓa mai shirun, ya ji kamar bai taɓa komai ba. Ya taɓa ɗayan, ya ji ƙas-ƙas-ƙas kamar ana ɓarar gyaɗa, sai murmushi ya suɓuce masa. A ransa ya ce abin da mutum zai saya ai gara a ji shi.

An kuwa ji shi. Ranar da ya kai shi gidan gem 'yan kallo suka yi masa zobe, daɗi ya kama shi har yana danna maɓallan da ba ya bukata. Kibod ɗin bai cuce shi ba, sauri kam akwai. Amma tun daga ranar wasa ya juya masa baya. In ya laɓe, bakanike ba ya fitowa. In ya tashi da gudu, ya tarar ana jiransa a kwana. Da ya tsaya ɗura harsashi sai a faɗo masa kamar an aika. Ya ce hannu ne bai saba ba. Ya ce kwamfutar gidan ce ta tsufa. Har labulen ya ɗaga ya duba ko ya huje, shi da yake tela. Ya zargi komai a ɗakin nan ban da abin da ya saya.

Ranar fitar da wakilin unguwa, bakanike ya cinye shi tas a gaban kowa. Abin ya yi wa tela ciwo ƙwarai. Sai da mutane suka watse ya ɗaga labule ya ce, "Don Allah, mutumina, me ka sha?"

Bakanike ya yi dariya ya ce, "Ban sha komai ba. Ni fa da kunne nake cin abinci. Babur in ya shigo gareji, kafin mai shi ya buɗe baki na san ciwonsa. Da can labulen nan ya raba ni da kai. Yanzu kuwa in na ji tsit na san ka laɓe, in na ji ɓarin ƙara na san kana gudu, in na ji ƙas guda ɗaya bayan harbi na san bindigarka ba komai a ciki."

"To me ya hana ka gaya mini?"

"Ai kai ma kana jin sa. Na ɗauka don a ji ka saya."

Tela ya so ya yi fushi, ya rasa da wa zai yi. Mai kaya bai ɓoye masa komai ba, abokinsa bai leƙa ba, kibod kuma aikin da aka saye shi dominsa ya yi. Ya naɗe wayar kibod ɗin ya saƙale shi a hammata ya tafi gida. Ranar gasa ya raka abokin nasa, ya zauna cikin 'yan kallo, yana ji aka kira sunan unguwarsu, aka bi shi da sunan bakanike.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.