Takardar Naɗe Nama

Sai da mahauci Cuthbert ya sallami mai saye na ƙarshe, sannan ya juya takardar buhun simintin da ta rage a teburinsa. Zanen jirgin ruwa ne, an yi shi da fenti da yashi. Nan take ya gane aikin 'yarsa ne.

'Yarsa Verlyn ta daɗe tana tsintar takardu a bola, tana zana labarin wani tsohon littafi na mafarautan wel, wato ƙaton kifin teku, shafi bayan shafi. Cuthbert ne kan gaba wajen ce mata mahaukaciya. Yau an kama wel a tsibirin Bequia, gari ya cika da masu sayen nama, shi kuwa ya naɗe musu a zanenta kaf.

Ya bi gida-gida, kai a sunkuye, yana roƙon a mayar masa da takardun.

"In ba ka me?" in ji tsohuwa Ermine. "Dubi mai jifa da mashin nan, fuskar mijina marigayi ce! Kama hanya, mai ƙaton tumbi."

Kowane gida haka. An goge maiƙo, an liƙa a bango. Ya dawo hannu rabbana, ya tsaya a ƙofar ɗakinta.

"Verlyn, na kashe miki aiki. Nama na naɗe da shi."

"Sun buɗe sun gani?"

"Sun gani. Sun hana ni ko ɗaya."

Ta ajiye burushi, ta share ido.

"Baba, sau nawa ina gayyatar garin nan kallo? Ba wanda ya zo, har da kai. Kana tsammani iska ce ta jera su a teburinka, a kife?"