Jakar Tela da Bokitin Fenti

"Ko yau ruwa ya ci garin nan, ni da iyalina sai mu yi kwana bakwai ba mu roƙi kowa ko ashana ba." Haka wani tela yake faɗa a wata unguwa ta bakin kwari, kullum, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. To, kai da na ga ka sayo sabuwar jakar ko-ta-kwana kana ta shafa ta, gyara zama ka ji yadda tasa ta ƙare.

Jaka ce ƙatuwa irin ta matafiya, har da ɗan kwado, ya rataye ta a ƙusa saman keken ɗinkinsa inda duk mai kawo aiki zai gani. Kuma tsakani da Allah, ranar da ya haɗa ta bai bar komai ba: tocila da batir, ashana a ƙulle cikin leda, garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli, ruwan roba, bandeji, sai maganin asma na tsohuwarsa, irin wanda ake fesawa a baki, don ita da sanyi ya taɓa ta numfashi gagararta yake yi. Matarsa kuwa wani tsohon bokitin fenti mai murfi ta wanke ta zuba nata tanadin ta ajiye a bayan ƙofa, duk Juma'a in ta gama shara sai ta buɗe ta duba abin da ya ƙare ta mayar. Shi ko dariya yake mata, wai tana tara tarkace. Illar jakar tela ɗaya ce, tana kusa da hannu. Batirin rediyo ya mutu ana tsakiyar ƙwallo, ya zare na tocila, gobe zai mayar. Yunwa ta kama shi yana ɗinkin sallah, ya jiƙa garin, gobe zai mayar. Maganin tsohuwa na ɗaki ya ƙare, ya ɗauko na jaka, shi ma gobe. Jaka ta fara ramewa kamar akuyar rani. Maimakon ya leƙa kasuwa, sai ya leƙa ƙarƙashin keke, ka san tela ba ya rasa ƙyalle. Duk abin da ya zare, sai ya cusa ragowar yadin mutane a gurbinsa. Jaka ta yi ƙiba har ta fi da, baki kuma bai fasa cika ba.

Ran nan cikin watan Agusta, bayan azahar, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ga magudanan unguwa duk leda ta toshe su. Kafin la'asar ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida. Mai unguwa ya ce kowa ya haura makarantar firamare da ke kan tudu. Tela ya ɗora jaka a ka yana gaba, matar ta riƙo tsohuwa da hannu ɗaya, bokiti a ɗayan. Aji ɗaya, mutum ya fi hamsin, kowa jiƙe sharkaf. Ba a jima ba ƙirjin tsohuwa ya fara kuka kamar zuga-zugin maƙeri, ta kama bango, ido ya firfito. Hanyar asibiti ruwa ya yanke ta, ko mai adaidaita sahu babu. Sai duk ido ya koma kan jaka, don babu wanda bai haddace abin da ke cikinta ba. Tela ya laluba aljihu, ya ce ai makulli ya faɗa ruwa. Wani bakanike bai jira ƙarshen zancen ba, ya sa sifana ya ɓalle kwado, ya zazzage jaka a kan teburin malami. Ƙyalle. Ƙyalle. Wani ƙyallen. Can ƙarshe tocila ta faɗo, babu batir.

Matar tela ta durƙusa gaban tsohuwa. Ta buɗe bokitinta, ta ciro magani sabo fil, ta fesa wa surukarta. Can numfashi ya dawo daidai, aka yi hamdala. Da hankali ya kwanta, sai ido ya koma kan tebur. Wata mata ta ɗaga wani guntun leshi ta ce, "Ikon Allah! Tela, ba wannan ka ce bai isa ɗankwali ba?" Liman ya jawo wata shadda mai ruwan toka, ya gwada ta da hannun rigarsa da ya ɗage masa tun sallar bara. Kowa ya matso yana tsintar nasa. Ita kuwa tsohuwa, maganar farko da ta yi bayan ta dawo daga bakin lahira, wata atamfa ta nuna da yatsa, ta ce, "Har da ni, ɗan nan?"

To kai ma, jakar nan taka, ka riƙa buɗe ta kai kaɗai kafin ranar da za a buɗe maka ita a bainar jama'a. Hausawa dai sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.