Shekara Bakwai a Jirgin Ruwa

Shekara bakwai Ɗan Jirgi ya yi ba ya gida, ya dawo ya tarar har yanzu Sufeton talabijin bai gama kama ɓarayi ba. Fentin falo ya koɗe, ƙannensa sun yi aure, amma duk Asabar ƙarfe biyar sai gidan ya yi tsit a gaban akwatin nan, kamar ana rabon gado.

Haushi abin ke ba shi. Ɗan sanda da tumbi kamar randa, wai shi ke cim ma ɓarawo a guje. Shi kuma ɓarawon, da an zare masa ido sai ya fashe da kuka ya amayar da komai, daidai lokacin talla.

Yau kam dole ya zauna. Kawu ya zo, mai sito uku a kasuwa, yana neman wanda zai damƙa wa makullai. Kwana uku Inna ta yi tana yi masa magiya: yaron nan ya yi aiki a jirgin ruwa, ko allura ba a ce ya ɗauka ba. Kawu ya ce sai ya gani da idonsa. Kawun kuwa ko gobara ake, shirin nan ba ya wuce shi.

Aka jefa ɓarawo a ɗakin tsaro. Ɗan Jirgi ya ja tsaki.

"Ku dubi takalminsa da igiya, ga bel a ƙugu. Wa zai bar masa su?"

"To, sarkin sani," in ji yayarsa. "Kifaye ne suka koya maka?"

"Hankali ne kawai, Yaya. Mutum biyu a ɗaki, har da katifa? Otal ne?"

Kawu ya yi dariya har da buga cinya. "Wanda ya ga duniya ba a yi masa wasan yara." Ya zaro makullai ya ajiye a kan tebur. Inna ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Ɗan Jirgi ya samu fili. Ya kushe ankwar, ya kushe alƙalin da ke yanke hukunci a zama ɗaya. A ransa kuwa 'yan falon yake rainawa: mutanen da ba su taɓa wuce tasha ba, ana ɗura musu ƙarya da ludayi suna lashe baki.

Sai shirin ya koma gidan yari. Wani gandiroba ya daki ƙarfen ƙofa sau uku da kulki, ya hura usur, ya daka tsawa: "Ƙidaya!"

Wannan kam masu shirin ba su yi kuskure ba.

Kawu ya miƙa hannu a hankali, ya mayar da makullansa aljihu. Inna ta bi inda idonsa yake kallo.

Ɗanta na tsugune a tsakiyar falo, hannu biyu a ƙeya, kai a ƙasa, yana faɗin lambarsa da ƙarfi, kamar yadda ya yi safe da yamma har shekara bakwai.